Kwalba Biyu a Yini

Ni ke tayar da janareta a gidan kallon Kiyako,
na san fuskar Haladu tun tana cika bango,
tun 'yan mata na sayen kalanda don murmushinsa.
Na kuma gan ta da ya dawo a bayan motar albasa,
ba jaka, sai kwalbar maganin tari a aljihu.

Shekara uku yana kwana a rumfar mai faci.
Ko kare bai zo daga birni ba.

Sai bayan an yanke gero,
ga farar mota, ga wani mai gemu da tabarau:
wai fim zai yi, ba waƙa, ba rawa,
ba ma labari,
baƙi da fari, irin na masu ilimi.
"Gaskiya nake nema, tsirara," in ji shi.
Ya same ta kwance a gindin tsamiya.

Lada, kwalba biyu a yini.
Amma ba a bayarwa da safe.
Sai hannu ya fara rawa,
gumi ya keto, ido ya kaɗa,
sannan a kunna kamara,
yaron darakta na ɓoye da kwalbar a bayansa.

Ran nan Haladu ya miƙe, ya gyara wuyan riga,
ya ce a bar shi ya yi wasa, ai ya iya.
Ya zubo magana tsaf, ba gargada.
Muka yi tafi.
Darakta ya ce a yanke,
wannan ƙarya ce, ya koma ya kwanta.

Inna Tabawa ta kawo fura,
suka ɗauke ta tana share masa baki da gefen zane.
Ba su tambaye ta ba.
An ce a nan ne Turawa suka yi kuka.

Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.
To ni ne na ba su wuta.
Da kuɗin na sayi taki,
dawata ta yi kyau a shekarar.

Bara wani ɗalibi ya nuna mini a waya:
mai gemu riƙe da gunkin tagulla
yana gode wa mutanen karkara.
Na kai wa Haladu rumfar mai faci.
Ya kare allon da tafin hannu,
ya daɗe yana kallon kansa,
sannan ya ce, "Sun ɓata hasken.
Ta hagu ake ɗaukata,
kowa a Kano ya san haka."