Bindigar Tankari Ta Koyi Raɗa

Da can, in Tankari ya harba a bayan Birni,
tantabarun Zango watsewa suke,
karnukan Garin Malam su yi ta amsawa har isha.
Yanzu kafaɗa ta ƙi.
Kunnen hagu ya bi barewar ƙarshe.

Ran Laraba yakan baza tabarma,
ya jera kwanson harsashi a faranti
kamar mai tsintar wake.
Ya auna albarushi, ya dube shi,
ya rage.
Hannun da ya saba da "ƙaro"
yana koyon "ya isa".

Da la'asar mu hau duwatsun hanyar Mirya.
Ni ce mai jera gwangwanayen tumatir,
bakwai, ɗaya ya lotse tun bara.
In koma bayansa, in toshe kunne don sabo.

Tas!
Kamar an karya kara.
Gwangwani ya yi tsalle, ya mirgina.
Akuyar da ke can ƙasa ko kai ba ta ɗaga ba.

Na ce, "Kaka, wannan ai ba harbi ba ne."
Ya duƙa, ya tsinci kwanso da ɗuminsa,
ya jefa aljihu.
"Fassuma, shekara arba'in ina firgita daji.
Bar ni in ji faɗuwar gwangwani."