Taki Ɗaya Baya

Shagona na Ƙofar Ƙaura, ɗaki ɗaya da rabi,
nan nake zana wa mutane gidajen da ba su gina ba.
Alhaji Badamasi na son bene hawa biyu,
kwamfutata kuwa ta tsufa:
in na ce ta fito da hoton ginin
sai in ɗora shayi, in sha, in wanke kofi,
in dawo tana kan tagar farko.

Na je wurin Lurwanu a bayan tsohuwar tasha.
Ya jera min firosesa biyu a kan tsumma,
kowanne bai kai ashana faɗi ba.
"Wannan a kulle yake," in ji shi,
"gudun da aka yanka mashi, shi zai yi har ya mutu.
Wannan mai harafin K a wutsiya
an zare mashi sakata,
kana iya ƙure shi ya wuce ƙa'ida."

Na miƙa hannu. Ya riƙe.
"Mi kake sauri? Wane allo ne cikin akwatinka?"
Na faɗa. Ya yi dariya har da tari.
"Allonka bai yarda a ƙara wuta ba,
ramin ma ba ɗaya ba ne.
Ka sai injin tirela ka ɗaura wa a-kori-kura?"

Nan lissafi ya tashi daga ɗaya ya koma huɗu:
firosesa, allo, fanka mai jijiyar tagulla,
da tukunyar wuta da ba ta firgita in NEPA ta yi atishawa.
Hannuna na aljihu, kan adashin Zinatu,
rance ne, da sharaɗi:
a biya kafin kuɗin makarantar Mu'azzam.

"Kuma nan Katsina ce," ya ƙara.
"Masu rubuta alƙaluman jikin kwali
a ɗakin sanyi suka gwada.
Kai fa? Watan huɗu, kwano na ƙara bisa kanka,
iskar da fanka za ta ja ma dafaffiya ce."

Sai na tuna mahaifina,
direban babbar mota, Jibiya zuwa Maraɗi,
jarkar ruwa kullum a bayan kujera.
Yakan ce gudu bai taɓa kashe inji ba,
ƙishirwa ce.

Na bar mai ciki takwas, ina kallonsa yana kallona.
Na ɗauki mai shida,
rarar na zuba ta a fanka.

Da dare na ɗiga man toka, ƙwayar wake guda,
na ɗaure kusoshi gicciye, na yi bisimilla.
Arba'in da huɗu. Ta zauna.
Arba'in da shida. Ta zauna.
Ina ƙara wuta yadda inna ke ƙara gishiri,
barbaɗe kaɗan, a ɗanɗana, a jira.
Ma'aunin zafi na hawa, saba'in, saba'in da tara,
fanka ta fara gurnani irin na injin markaɗe.
Arba'in da takwas.
Zuciya ta ce ƙara, ai na Lurwanu ya kai hamsin.

Arba'in da tara.
Fuskar ta yi shuɗi. Komai ya tsaya,
har ƙadangaren da ke jikin bango.

Ya dai faɗa min da rana:
ciki ɗaya ke haifar su, kowa da nasa ƙashi,
abin da ka ɗauka shi ne rabonka.

Na koma taki ɗaya baya.
Na ɗora mata aiki, na jingina da bango,
ta ja har ladan ya gyara murya, ba ta yi tuntuɓe ba.

Da safe na buɗe benen Alhaji, na ɗora shayi.
Ruwan bai tafasa ba
sai ga baranda, ga tagogi goma sha huɗu,
ga inuwar dalbejiyar da ba a shuka ba.

Zinatu ta leƙo da kofi a hannu.
Ba ta dubi benen ba.
Ta ce, "To, saura nawa?"