Bindigar Nomau

A Bagalam, bayan rumbun hatsi,
bindigar Nomau tana rataye da igiyar kaba.
Iccenta ya yi baƙi da gumin hannu,
ga tsaga goma sha ɗaya da ya yi da wuƙa.
Bai taɓa faɗa mana ko na mene ne ba.

An ce a cikin sojan Faransi
shi kaɗai ake aikawa bisa tudu,
ido ɗaya a rufe, numfashi a riƙe.
Da ya dawo, ko kurciya bai ƙara harbi ba.
Gyaɗa ya noma a bakin Gulbi
har bayansa ya tanƙware.

Jiya wani ya zo daga Yamai.
Ya sa safar hannu, ya karanta lambar ƙarfen,
ya ce irinta saura kaɗan a duniya,
ya zube jaka ɗari takwas bisa tabarma.

Inna Tasalla ta dubi kuɗin,
ta dubi bakin bindigar
inda zanzaro ya gina ɗakinsa na laka.
Ta ce, "Bari 'ya'yansa su ƙyanƙyashe tukuna.
Tun da aka ƙera ta,
sai bana mai rai zai fito daga bakinta."