Zomo Mai Lamba Sha Bakwai

Gari bai gama wayewa ba
ina Yankaba, ina cinikin ganyen karas.
Mai kayan ya ce, "Tasi'u, tumaki ka tara?"
Na ce zomaye ne, su ma ma'aikata ne.

Adaidaita ta sauke ni bayan asibiti.
Ɗaki mai sanyi, keji ashirin da huɗu,
kowane kunne da lambarsa.
An hana ni raɗa musu suna,
amma na sha bakwai Ɗanliti ne a zuciyata,
don ran Litinin ya iso cikin kwali.

Dakta Zulai takan zo da 'yar fitilarta.
Ni ne mai riƙo. In naɗe shi da tawul,
zuciyarsa na bugun tafin hannuna,
ƙaramin kalangu, ba biki ba maroƙi.
Ta ɗaga fatar ido, ta leƙa, ta rubuta.
Rannan ta ce, "Zo ka gani."

Na kafa ido a madubin.
Tsutsa ce, ba ta kai silin gashi ba,
tana iyo a ruwan ido
kamar tarwaɗa a kududdufi, hankali kwance.

Sai na tuna kawuna Bawale, masunci.
Da ƙaiƙayi abin ya fara, sai hazo, sai dare.
Aka ce sammu ne. Akuya uku suka tafi,
aka turara, aka ɗiga, aka tsaga.
Shekara tara ni ne sandarsa
daga Gwale har masallacin Juma'a.
Ashe abokin gabar ba shi da ko ƙaho.

Ran Alhamis wa'adin Ɗanliti ya cika.
Allura ɗaya. Ƙafar baya ta harba sau biyu.
Dakta ta yi shiru, ta cire tabarau ta goge,
ta ce maganin ya rage tsutsar, amma da saura.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa
sai maratayinsa.
To, ni ne na ɗauko ka, Ɗanliti,
ni na sa maka karas, ni na riƙe.
Ba ka ci bashin kowa ba,
idon wani ka biya da naka.

Na wanke kejin, na shanya tawul.
In wata rana wani masunci ya tsufa
yana zura zare a allura da kansa,
ba zai san lambarka ba.

Gobe kwali zai zo.
Ganyen da ka rage na ba na sha takwas.