Wanzamin Sarakuna

A garinmu Gyeongju, matattu sun fi rayayyu tsayin ɗaki.
Tuddai ne kore shar, kamar an kifa manyan ƙwarya a fili,
kowanne da sarkinsa a ciki,
da kambin zinariya, da linzamin dokin da ya daina jin ƙishirwa.

Babana, Pyo Dal-ho, shekara talatin da ɗaya
yana yanke musu ciyawa.
Igiya a ƙugunsa, abokinsa a ƙololuwa yana riƙe,
shi yana zagaya tudu da injin da ke tari kamar tsoho.
In ya dawo, takalmi kore, wuyan riga kore,
sai ya ce, "Yau ma na yi wa sarki aski.
Bai motsa ba, bai kuma biya ba."

Yau kwana arba'in da tara.
Shi ba shi da tudu.
Ɗan tulu ne a kanta ta huɗu, bayan gilashi,
maƙwabcinsa wani mai gyaran agogo.

Da asuba na ratsa tsakanin kaburburan, sandarsa a hannuna.
Sabon yaro ya yi aiki da gaggawa,
ya bar wa babban tudu tukku ta wajen arewa.
Na kau da kai, na nufi Dutsen Namsan.

Hanya ta fara da ladabi, daga baya ta nuna halinta.
Itatuwa sun karkace kamar masu neman gafara,
saiwoyinsu ne matakala.
Gwiwata ta hagu ta soma ƙorafi tun kafin rafi na biyu.
Wasu tsofaffi mata uku suka wuce ni suna dariya,
ta ƙarshensu ta juyo, ta cusa min rabin kokwamba,
ba ta tambayi sunana ba.

A bakin kwazazzabo na iske shi zaune,
Buda na dutse, ba kai a wuyansa.
Ƙullin rigarsa na nan daram a kafaɗa,
kamar jiya aka ɗaure.
Wa ya ɗauke kan, ambaliya ko mutum, ba wanda ya sani.
Ya zauna abinsa, bai je nema ba.
Na ɗora tsakuwa a kan tsakuwoyin waɗanda suka riga ni,
ta faɗi, na sake ɗorawa.

Haikalin ɗan ƙarami ne, ya maƙale a ƙirjin dutse,
barkono na shanya a tsakar gida.
Hyegwang, tsohuwa mai asakken kai da toka-tokar riga,
ta rubuta sunan babana a farar takarda,
ta ƙwanƙwasa ƙoƙon itace, tana karatu da murya guda
har turare ya ƙone rabi.
Sannan ta kai takardar ga wuta.
Harufa uku, ko numfashi uku ba su yi ba.

Ta ce, "Babu abin da ke zama."
Na ce, "Ciyawa fa?
Shekara talatin da ɗaya yana yanke ta, tana dawowa."
Ta dube ni, ta zuba min shayi,
ta ce in sha tun da zafinsa.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa.
Na iso gari rana ta yi ja,
inuwar tuddai ta miƙe har kan titin mota.
Na tsallake igiyar da aka ce kar a tsallake,
na hau gefen arewa da rarrafe,
na cika hannu da tukkun nan, na tsige.

Mai gadi ya busa usur, ya sake busawa.
Na ɗaga masa sandar babana.
Ya tsaya. Ya cire hula.

Gobe zan kai ciyawar kanta ta huɗu,
in ce: ga ladan askinka, Baba,
sarki ya biya.