Akwatin Kaka a Mai Wurno

Kafin jakin mai ruwa ya yi kuka
Kaka Dije ta murɗa kunnen akwati.
Omdurman ta yi gyaran murya.

Labarai ba su dame ta ba.
"Manya na ta magana," in ji ta,
tana shafa ƙullun kisra a kasko.

Da hantsi aka faɗi inda ruwan Nilu ya kai,
sai farashin riɗi a Gadarif,
wani likita ya daɗe a kan sauro.
Ni ke juya mata Larabcin,
ina tsallake inda na gaji.

Da azahar mutum biyu suka yi musun auduga
har batir ya shaƙe.
Ta cire, ta shanya shi kamar kuɓewa.

Bayan isha, sanarwar rasuwa:
nan ba ta neman tafinta.
Ta ɗaga mini hannu.
Suna bayan suna, gari bayan gari,
tana kasa kunne ga Jibo, ƙanenta,
da ya bi jirgin ƙasa zuwa Bur Sudan
shekara talatin da ɗaya.

Ba a kira shi ba.
Ta lulluɓe akwatin da tsohon mayafi.
"Ja'iri," ta ce, "yau ma yana nan."
Ta fita ba akuya ruwa.