Ƙugiya

Yaran da ke haƙar laka bayan tsohon bariki
su suka fara kawo mini, yau shekara tara.
Arzika ya ajiye ta kan uwar maƙera, ya ce:
Baba Tankari, nawa ka saya?
Na auna a tafin hannu. Kan ɗamara ne, tagulla mai nauyi,
ta yi kore kamar bakin tabkin Babaye.
Na ba shi dala ashirin, da nufin in narkar
in yi wa Kuluwa munduwa kafin salla.

Da dare na goge ta da tsamiya da toka,
sai ga zane ya fito: ƙugiya mai baki biyu.
Na ce, to, wannan ta mai rijiya ce,
irin da muke zurawa in guga ya tsinke.
Malam Nomau na lakwal ya yi dariya har da hawaye.
Ta jirgin ruwa ce, in ji shi, da ita ake tsayar da shi a teku,
Nasara ya ɗaura ta a cikin samarin da ya ɗiba soja.
Teku, a Tawa!
Mu da ke bin ruwa gaba talatin cikin dutse.

Ban narkar ba. Kuluwa ta yi salla da tsohuwar munduwa,
kwana uku ba ta ce mini sannu da aiki ba.

Yanzu goma sha bakwai ne cikin kwalla.
Fatar, ƙasa ta ci, gara ta ƙarasa,
saura abin da ke danne cibiya.
Wata ta lanƙwashe kamar kofato ya taka.
Wata an like ta da dalma, aikin gaggawa,
nakan ji haushin maƙerin kamar ɗana ne.
Wata kuwa an karce bayanta da tsinin wuƙa,
layi arba'in da ɗaya.
Kwanaki ne? Bulala? Bashin goro?
An soma na arba'in da biyu, ba a kai shi ƙasa ba.

Wani ya zo daga Yamai da mota da ɗan ma'auni,
ya taya jika hamsin, ya tambayi runduna da shekara.
Na ce ban sani ba.
Na dai san maƙalin wannan ya cinye ta gefe guda,
mai ita ya yi ta tsuke ɗamara, ya san yunwa.
Na ba shi shayi, ya tafi.

Kakata ta ce an tafi da ƙanenta Gado,
an ce ya dawo har bariki, bai iso gida ba.
Ban ce tasa tana ciki ba.
Amma ran Juma'a, in wutar maƙera ta kwanta,
nakan baje su kan buzu, in juya su ɗaya-ɗaya.
Malam Nomau ya fi ni karatu,
ni dai har yau ƙugiyar rijiya nake gani.
Ina zurawa, ina jan igiya a hankali,
ko wani abu zai biyo.